Snuka: Wa ya kamata ya fara fasa ƙwallaye?

A unguwar Mabera da ke birnin Sakkwato, kamar sauran manyan unguwannin biranen arewacin Najeriya, teburin snuka na daga cikin wuraren da matasa ke taruwa idan rana ta yi sanyi, kuma sau da yawa gardamar farko kan tashi ne tun ba a jefa ko ƙwallo ɗaya a rami ba.

Gardamar dai ita ce: tsakanin mutum biyu da suka riƙe sanda, wa zai yi bugun farko, watau ya fasa ƙwallayen da aka jera?

A wasan yau da kullum abin ba ya ɗaukar lokaci, domin al'ada ta riga ta yanke hukunci. A galibin irin waɗannan wurare wanda ya ci wasan da ya gabata shi ke ci gaba da riƙe teburi, wanda ya shigo kuma ya bi abin da ya tarar.

To amma idan sababbin 'yan wasa biyu suka haɗu, ko kuma aka shirya gasa tsakanin layi da layi, sai a rasa abin da za a dogara da shi. Wasu kan yi canki-canka, wasu su ce babba ya fara, wasu kuma su nemi a jefa kwabo sama. Shi kansa kwabon ya yi wuyar gani, domin sulallan da Babban Bankin Najeriya ya fitar a shekarar 2007 ba su samu karɓuwa a kasuwa ba.

Sai dai kuma dokokin wasan na duniya sun tanadi wata hanya ta daban, wadda ba ta bar zaɓin a hannun sa'a ba. Turawa na kiranta lag. A Hausa ana iya cewa bugun raba gardama, ko da yake, kamar yadda za a gani, shi ma yana da tasa gardamar.

Snuka ko pul?

Kafin a shiga dokar, akwai buƙatar warware wani ruɗani na suna.

Abin da ake kira snuka a Najeriya, a mafi yawan lokuta, shi ne wasan da Turawa ke kira pul, wanda ake yi da ƙwallaye 15 da kuma fara guda, a kan ƙaramin teburi.

Snuka ta ainihi, wadda hafsoshin sojan Birtaniya suka ƙago a garin Jabalpur na ƙasar Indiya a 1875, ana yin ta ne da ƙwallaye 22 a kan teburi mai tsawon ƙafa 12. A dokarta, ana zaɓen mai farawa ne ta hanyar ƙuri'a ko kuma duk wata hanya da 'yan wasan suka amince da ita, shi ya sa ake ganin alƙali na jefa kwabo kafin manyan wasanninta.

Pul kuwa yana ƙarƙashin Ƙungiyar Pul ta Duniya, WPA, wadda aka kafa a 1987, kuma Afirka na da wakilci a cikinta ta hannun ƙungiyar AAPA. Ita ce ke fitar da kundin dokokin da ake amfani da su a gasanninta, wanda aka sake wa fasali a 2008, aka kuma yi masa kwaskwarima a 2016. Tun a babin farko na kundin aka ajiye batun bugun raba gardama, domin shi ne bugun farko na kowace karawa.

Hanyar ba sabuwa ba ce. 'Yan wasan biliyad na Ingila sun daɗe suna amfani da irinta tun kafin a san WPA.

Yadda ake yin sa

Teburi na da bango huɗu na roba. Akwai gajerun bango biyu: na kusa, watau ɓangaren da mai fasawa ke tsayawa, da na nesa, inda ake jera ƙwallaye. Sai kuma dogayen bangon gefe biyu.

Daga bangon kusa, idan aka auna kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon teburin, nan layin fasawa yake. Akwai kuma wani layin da ya raba teburin gida biyu ta tsawonsa, dama da hagu. Yawanci ba a zana shi, amma doka ta san da zamansa.

Alƙali zai ajiye ƙwallo biyu a bayan layin fasawa, dab da shi, ɗaya a dama ɗaya a hagu. 'Yan wasan biyu za su tsaya kafaɗa da kafaɗa, su buga kusan lokaci guda. Kowace ƙwallo za ta je ta taɓa bangon nesa ta dawo. Wanda tasa ta tsaya mafi kusa da bangon kusa shi ya yi nasara.

A kan teburin gasa mai ƙafa tara, wanda filinsa ke da tsawon santimita 254 da faɗin 127, ƙwallon kan yi tafiyar fiye da mita huɗu, sa'annan a raba mutum biyu da tazarar da wani lokaci ba ta kai faɗin yatsa ba.

Abin da ake gwadawa shi ne sanin nauyin hannu, wanda shi ne ginshiƙin wasan baki ɗaya.

Abubuwan da ke ɓata bugu

Kundin ya lissafa abubuwa biyar da idan ɗaya ya faru bugun mutum ya ɓaci, ba zai yi nasara ba ko da ƙwallonsa ta manne da bango.

Biyu daga ciki ba su cika jawo musu ba, domin kowa na gani da idonsa: ƙwallon ta faɗa rami ko ta yi tsalle ta bar teburi, ko kuma ta gogi bangon gefe a hanyarta.

Na uku shi ne ƙwallo ta tsallaka layin tsakiya ta shiga ɓangaren abokin karawa. A nan ne ake samun amsar tambayar da ake yawan yi, watau me za a yi idan ƙwallayen biyu suka yi karo? Tun da kowace na da nata ɓangaren, ba yadda za a yi su haɗu sai ɗaya ta kauce hanya. Mai ƙwallon da ta tsallaka shi ke da laifi. Idan kuwa dukansu sun tsallaka, to bugu biyun sun ɓaci, sai a sake.

Na huɗu ya shafi bangon nesa. Doka ta ce sau ɗaya tak ƙwallon za ta taɓa shi. Wanda ya yi sanyin hannu har tasa ta tsaya ba ta kai can ba ya faɗi, ko da kuwa ta fi ta abokinsa kusa da gida. Haka shi ma wanda ya zuba ƙarfi har tasa ta je ta dawo ta sake komawa.

Na biyar ne ya fi ba mutane mamaki. Ramin kusurwa ya yanke bangon kusa ta ɓangarorinsa biyu, saboda haka ƙwallo na iya gangarawa ta shiga bakin ramin ta tsaya a can ba ta faɗa ba, alhali wani sashe nata ya wuce hancin robar bangon. Mai irin wannan ƙwallo kan yi murna, yana ganin babu wanda zai fi shi kusa, tun da ya ma wuce bangon. Doka ta ce bugunsa ya ɓaci.

Hikimar a fili take. Ana auna tazara ne tsakanin ƙwallo da bango, kuma wadda ta wuce bangon ba ta bar tazarar da za a auna ba.

Baya ga waɗannan biyar, kurakuran da aka sani a sauran wasan suna nan daram. Wanda ya buga babu ko ƙafa ɗaya tasa a ƙasa, ko sandarsa ta taɓa ƙwallon sau biyu, ko ya tura ta maimakon ya buge ta, shi ma ya faɗi.

Kuskure ɗaya kawai aka ɗauke, watau haramcin yin bugu alhali wata ƙwallo na motsi a kan teburi. Dole ne a ɗauke shi, tun da ba zai yiwu mutum biyu su buga a daidai ƙiftawar ido guda ba.

Idan ta taɓa bangon kusa fa?

Wannan ita ce gaɓar da aka fi yi wa gurguwar fahimta, ba a rumfunan unguwa kaɗai ba, har a tsakanin waɗanda suka daɗe suna wasan.

Mutane da dama na ɗauka cewa idan ƙwallo ta dawo ta taɓa bangon kusa, to ta zarce, mai ita ya faɗi. Wasu kuma akasin haka suke ɗauka, cewa wanda tasa ta fara taɓa bangon shi ya ci.

Duka biyun ba haka suke ba. Taɓa bangon kusa ba ya cikin jerin abubuwan da ke ɓata bugu, kuma ba ya cikin abin da ke ba da nasara. Tsohon kundin hukumar biliyad ta Amurka, BCA, wadda aka kafa a 1948, ya ma fito fili ya nuna cewa in ban da abubuwan da aka hana, sauran taɓa bango ba ya sauya komai.

Abin dubawa kawai shi ne inda ƙwallon ta tsaya. Idan ta Audu ta taɓa bango ta ja baya da taƙi guda, ta Bala kuma ta tsaya saura rabin taƙi ba ta taɓa ba, Bala ya ci. Idan aka juya alƙaluman, Audu ya ci.

Hasali ma, ƙwararru sun fi son ƙwallonsu ta ɗan sumbaci bangon. Masu nazarin kimiyyar wasan, irin su David Alciatore, wanda ya koyar da aikin injiniya a Jami'ar Jihar Colorado ta Amurka, sun nuna cewa roba na cinye kusan rabin gudun ƙwallon da ta same ta. Shi kuwa nisan da ƙwallo ke gangarawa yana raguwa ne fiye da yadda gudunta ya ragu: idan gudu ya koma rabi, nisa kan koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Ma'anar haka ita ce, wanda ya gaza da taƙi huɗu, tazararsa taƙi huɗu ce cif. Wanda kuwa ya zarce da ƙarfin da zai kai shi taƙi huɗu, bango zai mayar masa da ita kimanin taƙi ɗaya. Kuskuren ƙari ya fi na ragi sauƙi, matuƙar ƙarin bai yi yawa ba.

Mai jinkiri da gangan

Doka ba ta ce lallai a buga a lokaci guda ba. Cewa ta yi kusan lokaci guda, sa'annan ta sanya iyaka: tilas ne kowa ya buga kafin ƙwallon abokinsa ta taɓa bangon nesa.

Dalili kuwa shi ne, wanda ya tsaya ya kalli tafiyar ƙwallon abokinsa ya samu labarin santsin teburin a kyauta, ya san ko zai ƙara ƙarfi ko zai rage.

Wani abin lura a nan shi ne, mai jinkirin bai faɗi ba. Sake bugun ake yi. Wannan ma na jawo cacar baki, domin wanda ya yi kyakkyawan bugu kan ji an ƙware shi idan aka ce a sake saboda laifin wani.

Kuma da gaskiyarsa, domin a nan dokar ta bar wata 'yar kafa. Mai wayo na iya riƙe sandarsa, in ya ga abokinsa ya dace sai ya ƙi bugawa a kan lokaci. Maganin da kundin ya tanada yana wani babin ne, inda ya ba alƙali ikon hukunta duk wata ɗabi'a da ta saɓa wa ladubban wasa, daga gargaɗi har zuwa kora daga gasa.

Sauran wuraren da ake sakewa biyu ne: idan bugu biyun sun ɓaci, ko kuma idan alƙali ya kasa tantance wadda ta fi kusa.

Nasara ba ta tilasta fasawa

Wanda ya ci bugun raba gardama ba fasawa ya samu ba. Zaɓi ya samu. Yana iya fasawa da kansa, yana kuma iya miƙa wa abokin karawarsa.

A wasan ƙwallo tara da na baƙar ƙwallo mai lamba 8, ƙwararru kan zaɓi su fasa, domin wanda ya jefa ƙwallo a bugun farko na iya share teburin abokinsa na zaune. A 1996, ɗan wasan Amurka Earl Strickland ya ci zagaye 11 a jere a birnin Dallas ba tare da abokin karawarsa ya samu damar kwace teburin ba.

A wani nau'in kuwa, wanda ake kira 14.1, inda tilas ne mutum ya ambaci ƙwallo da ramin da zai jefa ta, fasawa nauyi ce. Mai fasawa na buɗe wa abokinsa teburi ne, shi ya sa wanda ya ci bugun kan ce wa ɗayan bisimilla. A wannan nau'in ne Willie Mosconi ya jefa ƙwallo 526 a jere a 1954.

Ga matashin da bai ƙware ba, lissafin na iya zama daban. Wanda ba kasafai yake jefa ƙwallo a bugun fasawa ba, ko kuma farar ƙwallo na yawan kufce masa ta faɗa rami, bai yi asara ba idan ya bar wa abokinsa.

Akwai kuma wani amfani da ba a cika lura da shi ba. Tsarin da kundin ya ɗauka a matsayin na asali shi ne a riƙa fasawa bi da bi, ko da yake masu shirya gasa na da ikon cewa wanda ya ci zagaye shi zai fasa na gaba.

A tsarin bi da bi, wanda ya fasa zagaye na ɗaya shi ke fasa na uku da na biyar da na bakwai. Idan aka ce wanda ya fara cin zagaye biyar shi ne zakara, aka kuma yi kunnen doki huɗu da huɗu, zagayen ƙarshe shi ne na tara. Ko nawa aka sa a matsayin iyaka, zagayen yanke hukunci ba ya taɓa faɗawa a kan lambar da ke rabuwa biyu. Ke nan bugun da aka yi tun kafin a jera ƙwallaye shi ke nuna wanda zai riƙe sanda a lokacin da komai ya rataya a kan zagaye guda.

Kuma manyan wasanni kan kai wannan gaɓar. A gasar duniya ta ƙwallo tara da aka yi a birnin Jidda na Saudiyya a 2024, Fedor Gorst ya doke Eklent Kaci ne da ci 15 da 14, ya karɓi dala 250,000.

Ƙuri'a da caca

A jiha kamar Sakkwato, wadda ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, wasu kan yi ɗari-ɗari da jefa kwabo, suna ganin ya yi kama da caca.

Malamai dai sun bambanta ƙuri'a da caca. Ƙuri'a tsakanin mutanen da haƙƙinsu ya zo daidai abu ne sananne a fiƙihu, an kuma ambace ta a Alƙur'ani a ƙissar Nana Maryamu da ta Annabi Yunusa.

Inda malamai da dama suka fi nuna damuwa shi ne kuɗin da ake ɗorawa a kan sakamako, ciki har da al'adar nan ta cewa wanda aka cinye shi zai biya kuɗin teburi. Wannan kuwa ba ruwansa da hanyar da aka bi wajen zaɓen mai fasawa.

Teburin gasa da teburin unguwa

Duk abin da kundin ya faɗa, ya faɗe shi ne a kan teburin da ya cika ƙa'ida. WPA ta shar'anta cewa shimfiɗar ta zama ta falalen dutse mai kaurin aƙalla santimita 2.5, kuma rashin daidaituwarta daga wannan kai zuwa wancan kada ya wuce kimanin rabin milimita.

Teburin da ke ƙarƙashin rumfar kwano, a kan daɓen da ba a daidaita ba, ba zai cika wannan sharaɗi ba. A Mabera, wadda ta yi suna wajen fama da kwanciyar ruwa da damina, laima kan sa ƙyallen teburi ya yi nauyi, ƙwallo ta rage gudu, katako kuma ya kumbura. Da hunturu ƙurar buji ce ke kwanciya a kan ƙyallen. Zafin watan Afrilu, wanda kan haura digiri 40 a Sakkwato, shi ma ba ya barin roba yadda take.

Nauyin ƙyalle ba matsala ba ce sosai, tun da ya shafi mutum biyun daidai wa daida. Karkata ce matsala. Idan teburi ya rinjaya hagu, ƙwallon na hagu za ta nufi bangon gefe, ta na dama kuma ta nufi layin tsakiya, kuma a bugu mai taushi irin wannan ne karkatar ta fi bayyana.

Sai kuma batun ƙwallayen kansu. Tsohon kundin BCA ya ce a yi amfani da biyu masu girma da nauyi ɗaya. A teburan da ake saka wa kwabo ko alama kafin su saki ƙwallaye, fara kan bambanta da sauran domin na'urar ta gane ta ta dawo da ita. A samfurin Birtaniya, faɗin fara kimanin milimita 48 ne, sauran kuma kusan 51. Saboda haka ba adalci ba ne a ba mutum ɗaya fara, ɗayan mai launi. Kamata ya yi dukansu su ɗauki masu launi.

Rashin alƙali ma wani giɓi ne. A gasannin da alƙalai suka yi ƙaranci, ƙa'idar WPA ita ce wanda ba shi ke bugu ba ya zama mai sa ido. A bugun raba gardama kuwa kowa na bugu, don haka sai an nemi mutum na uku da aka yarda da shi, wanda zai tsaya a tsakiyar bangon nesa ya ga layin tsakiya da lokacin bugu, sa'annan ya zagayo ya duba tazara ta gefe, ba ta sama ba. Kada kowa ya taɓa ƙwallo sai ya yanke hukunci.

Masu shirya gasa a unguwa na iya gwada teburinsu cikin minti guda. A gangara ƙwallo a hankali ta dama, a sake ta hagu, a ga ko tana miƙewa. Idan tana kaucewa, a cusa kwali a ƙarƙashin ƙafar da ta yi ƙasa a sake gwadawa. Idan abin ya ƙi gyaruwa, to a sanar da kowa tun kafin wasan farko cewa ƙuri'a za a yi.